Sabon Zuwa, Takari, Ɗan Gari: Me Ya Sa Hausawan Saudiyya Suke Ɗari-ɗari da Baƙonsu?

Da zarar an buɗe Umara bayan Hajji, ko watan azumi ya ƙarato, gardamar nan sai ta farfaɗo a zaurukan WhatsApp da Facebook na Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda. Daga nan ta tsallaka TikTok, mutanen gida su ma su tsoma baki. Waɗanda ba su daɗe da sauka ba suna kukan cewa 'yan uwansu da suka riga su zuwa ba su da kara: ka yi sallama a zaure a yi maka shiru, ka tambayi inda ake samun ɗakin haya a ce "wannan sabon zuwa ne", ka nemi aiki admin ya fitar da kai ko uffan bai ce ba. Tsofaffin zuwa kuma suna cewa wanda bai san dokar ƙasar nan ba shi ne yake ganin rowa ce. Su kuwa mutanen gida tuni sun yanke hukunci, wai Bahaushe ne ba ya son ɗan uwansa ya ci gaba.

Wannan hukuncin na ƙarshe shi ya fi yawo, shi ne kuma ya fi rauni. Hassada tana nan kamar yadda take ko'ina, amma ita kaɗai ba za ta bayyana yadda ake karɓar likitan da ya sauka watan jiya hannu bibbiyu ba, alhali matar da ta shekara 20 a unguwar Sharamansur da ke Makka har yau kallon baƙuwa ake yi mata. To wane ne sabon zuwa ke nan? Wa ke raɗa sunan, da wane ma'auni, kuma a kan wa abin yake ƙarewa?

Sunayen hukuma da sunayen unguwa

A wajen hukumar Saudiyya mutane kashi huɗu ne, kuma babu ruwanta da yarenka. Akwai muwaɗin, wato ɗan ƙasa. Akwai muƙim, baƙon da ke riƙe da igama, katin zama ke nan, wanda yawanci yana ƙarƙashin kafili, wato mutum ko kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa. Akwai mai ziyara, wanda ya shigo da bizar Umara ko ta Hajji ko ta ziyara, zamansa na da wa'adi. Sai mukhalif, wanda ya saɓa dokar zama ko ta aiki ko ta kan iyaka: bizarsa ta ƙare bai fita ba, ko igamarsa ta mutu ba a sabunta ba, ko ya bar kafilinsa an kai rahotonsa, abin da kowa ya sani da hurub.

Unguwa ta ɗauki wannan rabon ta ƙara masa nata. A can sama akwai gidajen da kakanninsu suka zauna a Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, tun kafin a haɗe masarautar a 1932, ko ba da jimawa ba bayan nan, suka zama 'yan ƙasa. Su ne masu laƙabin Hausawi, kamar yadda mutanen Barno ke ɗauke da Barnawi, Fulani kuma Fallata. Ba ɓoyayyu ba ne a ƙasar. Tawagar da Saudiyya ta kai gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha tana da Hausawi har uku cikin masu tsaron baya, Usama wanda shi ne kyaftin, da Umar, da Mu'utaz. Shaikh Umar Fallata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe shekaru masu yawa yana karantarwa a Masallacin Annabi. Da yawa daga jikokin irin waɗannan gidaje ba sa jin Hausa sai ta gaisuwa, kuma ba kasafai ake ganinsu a zaurukan da muke magana ba.

Bayansu sai mawalid, haifaffun nan da ba su sami zama 'yan ƙasa ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1954, jinin uba take bi, don haka ko a gefen Harami aka yanke maka cibi, idan ubanka baƙo ne kai ma baƙo ne. Sai masu igama: ɗalibai a Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura, likitoci da ma'aikatan jinya, injiniyoyi, direbobi, 'yan aikin gida. A ƙasan kowa sai takari.

Sunan takari daga Takrur ya samo asali, tsohuwar daular da ta yi zamani a gaɓar kogin Sanagal. Larabawa suka shimfiɗa sunan a kan duk wanda ya fito daga Afirka ta Yamma, suna cewa Takruni ko Takruri, kuma a bakin Balaraben Hijaz sau da yawa zagi ne. Da ya faɗo bakin Bahaushe sai ya ƙara ƙunci, ya koma nufin wanda ya shigo da sunan ibada ya ƙi komawa, yake zaune ba takarda, yana dako ko talla ko wanki ko aikatau.

A nan ne za a gane inda "sabon zuwa" ya dosa. Da a ce kwanaki ake ƙirgawa, da suna ne da yake faɗuwa da kansa bayan wata shida ko shekara. Amma ba a manna shi a kan ɗalibin da jami'a ta ɗauko, ba a manna shi a kan ma'aikaciyar jinyar da asibiti ya yi wa biza. Wanda ake manna wa shi ne wanda ba a san matsayin takardarsa ba, ake kuma zargin cewa takari zai zama. Suna ne na tuhuma, kuma takarda ce take wanke shi.

Yadda zaure ke karanta baƙo kafin ya buɗe baki

Abu na farko da 'yan zaure suke gani idan an shigo da mutum shi ne lambar wayarsa. Idan ta fara da +966, hankali ya ɗan kwanta, domin tun 2016 ba a yi wa layin waya rajista a Saudiyya sai da zanen yatsa da shaidar mutum, ke nan mai lambar ko dai yana da takarda ko yana da wanda ya tsaya masa. Idan +234 ce ta Najeriya, ko +227 ta Nijar, ko +235 ta Chadi, ko +249 ta Sudan, nan take tambaya ta taso: yana gida ne yana neman hanyar zuwa, ko ya shigo bai riga ya zauna ba, ko kuwa dillali ne yana farautar kwastoma?

Sai harshe. Hausar mazauna ta sha Larabcin Hijaz. Wanda yake cewa jawazat (hukumar shige da fice) da tarhil (mayar da mutum gida) da dawam (lokacin aiki) da ratib (albashi) ba tare da ya tsaya tunani ba, an san ya kwana biyu. Wanda duk farashin da aka ambata sai ya tambayi nawa ke nan a naira, shi ma an gane shi. Daga nan admin zai bi shi ta bayan fage da tambayoyin da ba sa canzawa: wa ya kawo ka, kana wace unguwa, da igama ko babu?

Manhajojin da kansu sun ba masu riƙe da ƙofa makulli. WhatsApp da can mutum 256 kawai zaure yake ɗauka, a 2022 aka faɗaɗa shi har ya kai 1,024, a 2023 kuma aka ba admin damar tantance duk mai son shiga kafin a buɗe masa. Facebook ya daɗe yana barin masu zaure su yi wa mai neman shiga tambayoyi, ya kuma liƙa wa wanda aka karɓa alamar cewa sabo ne. Kamfanonin ba su san da zaman takari ba da suka ƙera waɗannan abubuwa, amma sun zo daidai da buƙatar mutanen da suke tsoron wanda ba su sani ba.

Akwai kuma wata matsala da ba laifin kowa ba ce. A tsarin da WhatsApp ya daɗe a kai, wanda aka shigo da shi yau ba ya ganin abin da aka tattauna jiya. Tambayar da aka amsa sau talatin, ga shi sabuwa ce fil. Shi yana ganin ya yi tambaya mai ma'ana an share shi, su kuma suna ganin ga wani ya sake dawo da su baya. Wannan ciwon ya girmi WhatsApp. A Amurka, lokacin da intanet take kusan ta jami'o'i kaɗai, kowane watan Satumba sababbin ɗalibai sukan cika zaurukan tattaunawa da tambayoyin rashin sani, tsofaffi su yi ta haƙuri har su koyi ladabin wurin. Daga 1993 zuwa 1994 kamfanoni irin su AOL suka buɗe ƙofar ga kowa, sababbi suka riƙa kwarara ba yankewa, har tsofaffin suka ce Satumban nan ta ƙi ƙarewa. A da, namu Satumban shi ne lokacin Hajji da azumi. Yanzu da Umara take buɗe kusan duk shekara, baƙi ba sa yankewa.

Abin da ake hana sabon zuwa ba a rubuta shi a dokokin zaure ba. Idan ana adashi, ko a ƙi sa shi ko a ba shi ɗaukar ƙarshe. Idan aiki mai kyau ya fito, ba a babban zaure ake sanarwa ba, akwai wani ƙarami na amintattu da shi bai ma san da shi ba. Idan ya yi kuskure kaɗan, kamar ya turo hoton fasfonsa ko ya roƙi taimakon kuɗi, hukuncinsa kora, alhali tsohon hannu da ya yi irin wannan nasiha kawai za a yi masa.

Daga fatoma zuwa admin

Bahaushe ba baƙo ba ne a harkar saukar baƙi. Duk inda fatake suka kafa zango, daga Salaga ta ƙasar Ghana zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, akwai mai masauki, fatoma, wanda yake ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Hanyar Hajji ta ƙasa ma a kan wannan tsari ta tsaya. Mutum ya bar Kano ko Katsina, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya yi noma ko ɗinki a hanya don ya sami guzuri, ya isa Sawakin ko Port Sudan ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar a Sudan, wasu kuma suka zarce har Hijaz.

Wanda ya iso Makka ta wannan hanya bai iso a matsayin wanda ba a sani ba. Ya biyo zango-zango, labarinsa ya riga shi, akwai wanda ya san ubansa ko malaminsa. Mai masauki yana da dalilin karɓarsa, domin yana samun lada yana kuma samun la'ada, sannan babu hukumar da za ta ɗaure shi don ya ba baƙo tabarma.

Jirgin sama ya rushe rabin wannan tsari. Tun daga shekarun 1950 da aka fara jigilar alhazai daga Kano, musamman kuma bayan kuɗin mai ya bunƙasa a shekarun 1970, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Mutum yana iya yin asuba a Fagge ya yi isha'i a Jidda, babu wanda ya san shi sai wanda ya yi masa biza. Duk da haka unguwanni sun riƙe sauran rabin. A Makka akwai Sharamansur da Hindawiyya da Misfala, a Jidda akwai Karantina da Sabil da Gulail da Kandara. Baƙo ya shiga lungu ya ji ana Hausa, ya ga mai tuwo da mai ɗinki, cikin kwana biyu ya sami wanda ya fito daga garinsu.

Wannan rabin ma yanzu ya tafi. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukumomin Jidda sun rushe unguwanni masu yawa da suka ce an gina su ba bisa tsari ba, cikinsu har da Sabil da Gulail da Karantina da Kandara da Nuzla Yamaniyya. A Makka ma aikin babban titin da ya nufo Harami daga yamma ya cinye wani yanki na tsofaffin unguwannin baƙaƙen fata. Diyya ta masu mallaka ce, ɗan haya kuwa sai dai ya tattara ya nemi wani wuri, kuɗin haya kuma ya tashi. Jama'ar da take lungu ɗaya ta watse gefen gari. Abin da ya rage yana haɗa ta shi ne waya. Admin ya gaji kujerar fatoma, sai dai ya gaji nauyin ne ba tare da la'adar ba, kuma a ƙarƙashin dokar da fatoma bai taɓa sani ba.

Hujjar tsofaffin zuwa

Mutanen gida da suke zagin mazauna a TikTok yawanci ba su san wannan ɓangaren ba, kuma shi ne mafi nauyi.

Wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, hukuncinsa yana iya kai wa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a mayar da shi gida. Wanda ya ba shi masauki ko aiki ko ya ɗauke shi a mota, tararsa tana iya kai wa riyal 100,000 da ɗauri, idan kuma shi ma baƙo ne a kore shi. Idan wanda aka taimaka wa ta kan iyaka ya sato hanya, maganar ta wuce nan: ɗaurin da zai iya kai wa shekara 15 da tarar riyal miliyan 1, a kuma ƙwace motar ko gidan. A Hajjin 2025 an sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, da wadda ta kai 100,000 ga wanda ya kai shi ko ya ɓoye shi, da haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Ma'aikatar cikin gida tana fitar da alƙaluman kame duk mako, kuma sau da yawa adadin yana kai wa wajen mutum 20,000, ko da yake yawancin masu satar shiga ta iyaka 'yan Yaman ne da Habasha.

Ka sa kanka a matsayin direban da ya shekara 15 yana tattalin igamarsa, yana biyan kuɗin zaman iyalinsa, wanda aka fara karɓa a 2017 a kan riyal 100 duk wata ga kowane mutum ɗaya, ya kai 400 a 2020. Wani da bai taɓa gani ba ya rubuto a zaure cewa ya sauka, bizarsa saura kwana 5, yana neman inda zai kwana. A Kano wannan roƙo ne da ba a ƙi, baƙonka annabinka. A Jidda amsa shi na iya zama ƙarshen zaman gidan gaba ɗaya. Waɗanda suka ga samamen da ya biyo bayan ƙarewar afuwa a Nuwamban 2013, da kamfen ɗin da aka ƙaddamar a 2017 na raba ƙasa da masu saɓa doka, ba labari aka ba su ba. Sun raka maƙwabta har ƙofar tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida.

Ko roƙon taimako ma yana da tarko. Dokar hana bara ta 2021 ta haɗa har da bara ta kafofin sadarwa, da ɗaurin da zai kai wata 6 ko tarar riyal 50,000, baƙo kuma a kore shi bayan ya gama. Tara gudummawa ba da izini ba shi ma laifi ne. Admin da ya goge saƙon "a taimaka mini da na abinci" yana iya zama marar tausayi, yana kuma iya zama mutumin da ya san cewa lambarsa ce a saman zauren.

Sai tsoron da ya fi kowane, na ɗaukar saƙo. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma ta dawo da zartar da shi a Nuwamban 2022 bayan an dakatar da shi na wani lokaci. Kowa yana tune da ɗalibar nan 'yar Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018 saboda jakar da wasu suka yi wa rajista da sunanta a filin jirgi, wadda sai a ƙarshen Afrilun 2019 ta kuɓuta bayan gwamnatin Najeriya ta sa baki. Tun daga nan, baƙon da ya ce "an ba ni saƙo in kawo wa wane" ba ya samun mai zuwa karɓa cikin sauƙi. Goro ma, da muke ɗauka ba komai ba, hukumar alhazai ta NAHCON tana gargaɗi a kansa duk shekara.

Abin da tsofaffin zuwa ba sa son a faɗa

Duk wannan gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Da tsoron doka ne kaɗai, da an rufe wa sabon zuwa ƙofa an bar shi. Abin da ke faruwa shi ne ana yi masa shiru a fili, sannan a bi shi ta bayan fage. Minti kaɗan bayan an share tambayarsa a zaure, saƙo zai shigo masa daga wani ɗan zauren: akwai ɗaki amma sai ka biya wata uku gaba, akwai aiki amma albashin watan farko nawa ne, akwai hanyar Hajji ba tasrihi, akwai wanda zai cire maka hurub. Masu wannan sana'a ba daga sama suka faɗo ba. Tsofaffin zuwa ne, sun san gari, kuma rashin sanin baƙo shi ne jarinsu. Ina ganin duk zauren da yake korar mai tambaya amma ya bar dillali yana zaune, bai isa ya fake da doka ba.

Akwai kuma kishin abinci. Tun da aka fito da tsarin Niɗaƙat a 2011, ake ta ware sana'o'i ana cewa sai ɗan ƙasa, wuraren da baƙo zai iya ci sun ragu. Sabon zuwa yana karɓar aiki a kan rabin kuɗin da tsoho yake karɓa, domin yunwa da bashin biza suna bin sa. Tsoho yana ganin an karya masa kasuwa. Wannan ba ya faɗuwa a zaure, sai ya fito da rigar "ba mu san halinsa ba".

Mata su suka fi shan wannan. Namiji sabon zuwa ana zarginsa da damfara ko leƙen asiri, mace kuwa mutuncinta ake fara taɓawa. Yarinyar da ejan ya kawo aikin shagala, wato aikatau a gida, ta tarar da gida ba hutu ba albashi, ta shigo zaure tana tambayar yadda za ta yi, amsar farko da takan samu ita ce wa ya aike ki. Alhali tambayarta tana da amsa. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021, wanda ya sassauta canjin kafili da fita ƙasa, bai shafi 'yan aikin gida ba, wannan gaskiya ne. Amma suna da tasu ƙa'idar: akwai ranar hutu a mako, ba a yarda a riƙe wa ma'aikaci fasfo ba, kuma ana shigar da ƙara ta dandalin Musanid na ma'aikatar ƙwadago. Idan ba wanda ya gaya mata haka, shawarar da za ta samu ita ce ta gudu. Ranar da ta gudu aka yi mata hurub, ta tashi daga mai igama ta koma takari, kuma waɗanda suka ƙi amsa mata su ne za su fara kiranta da sunan.

Wani abin da masu zafin hannu ba su sani ba: ɗaukar hoton mutum a watsa a zaure da rubutun "ku yi hattara da wannan ɓarawo ne" ba tare da hukuncin kotu ba, yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 1 da tarar da za ta kai riyal 500,000 a kan ɓata suna. Sabon zuwa ba ya kai ƙara domin yana tsoron ofishin 'yan sanda fiye da wanda ya zage shi. Wannan tsoron nasa ne kawai yake kare su.

Mawalid, baƙi a gari biyu

Masu tsananin ƙyamar sabon zuwa a wasu lokuta su ne haifaffun nan, kuma nasu dalilin daban ne. Saurayin da aka haifa a Makka, Larabci ne harshensa na farko, bai taɓa ganin Kano ba, amma duk shekara sai an sabunta masa igama kamar wanda ya sauka jiya. Duk lokacin da aka nuna bidiyon kamen mabarata ko masu talla a bakin Harami, shi ne abokan karatunsa za su kalla. Yana nesanta kansa da sabon zuwa don kada a haɗa su a suna ɗaya. Idan kuwa takarda ta ƙare masa aka sa shi a jirgi, ranar da ya sauka a Kano shi ne ba ya jin Hausa sosai, shi ne ake yi wa dariya a kasuwa, kuma sunan da ke jiransa a can shi ne dai takari.

Abin da ke tafe

Baƙi ba za su ragu ba. Saudiyya ta sa wa kanta burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara kafin 2030, za ta karɓi baje kolin duniya a Riyad a 2030 da gasar cin kofin duniya a 2034, kuma duk wannan gini da hidima suna buƙatar hannu. A gida kuma darajar naira da rashin tsaro suna ci gaba da turo mutane, ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taso Hausawan can su ma. A ɗaya gefen, zama ba takarda yana ƙara wuya. Da manhajojin gwamnati irin su Absher da Nusuk, da kuma zanen yatsa, kusan komai ya koma kan lamba: layin waya, asusun banki, hayar gida, asibiti, shiga Makka a lokacin Hajji. Lungun da takari yake ɓuya a da an rushe shi, a zahiri da kuma a kwamfuta. Kuskure tun daga biza ma yana iya mayar da mutum daga filin jirgi, kamar yadda aka yi a Nuwamban 2023, lokacin da aka soke bizar fasinjojin wani jirgi da ya taso daga Najeriya, aka dawo da 177 daga cikin 264 daga Jidda.

Ga talakan da ke shirin sayar da gona ya biya ejan, ma'anar wannan ita ce makonnin farko sun fi da tsada. A cikinsu ne ake yanke ko zai koma kafin biza ta ƙare, ko zai sa hannu a kwantiragin da bai karanta ba, ko zai yarda da abin da ake kira biza hurra, wai bizar da za ka yi aiki duk inda ka ga dama, wadda babu ita a dokar ƙasar, domin wanda aka kama yana aiki a wajen wanda ba kafilinsa ba mukhalif ne ko da igamarsa tana da rai.

Wasu zaurukan sun fara gane cewa tsakanin ba mutum masauki da ba shi bayani akwai tazara mai faɗi. Babu dokar da ta hana a gaya wa baƙo ranar da bizarsa za ta ƙare da abin da zai biyo baya, ko a nuna masa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ko a faɗa masa cewa kada ya karɓi jakar kowa. Masu irin wannan zaure sukan rubuta waɗannan amsoshi su manna a sama, su ware mutum ɗaya ko biyu, yawanci ɗalibai masu jin Larabci, su riƙa amsa wa sababbi a fili inda kowa yake gani, su kuma sa doka cewa duk wanda aka kama yana bin baƙo ta bayan fage da tallan biza ko aiki, shi za a fitar.